Dogon Dutsi: abin da ke sa sabon turmi ya dare, da yadda ake shirya gungume kafin sassaƙa

A garuruwan Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari zuwa Tibiri da Gesheme, ba baƙon abu ba ne mace ta sayi turmi sabo fil, bai ci hunturu guda ba ya dare daga baki zuwa gindi. Akan ɗora laifin a kan masassaƙi, ko a ce mai daka ce ta cika ƙarfin hannu. Galibi kuwa ɓarnar ta faru ne tun gizago bai taɓa itacen ba, a makonnin farko bayan an kayar da shi.

Ɗanyen gungume cike yake da ruwa, wani ma kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Da farko ruwan da ke kwance cikin ƙananan kafofin itacen ne ke fita, kuma a lokacin itacen ba ya motsi. Sai danshinsa ya sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100 yake fara tsukewa. To, a nan gizo ke saƙa, domin ba daidai yake tsukewa ta kowane gefe ba. Ta zagayensa yana tsukewa kusan ninki biyu na yadda yake yi daga cibiya zuwa ɓawo, a tsawonsa kuwa kusan ba ya raguwa. Idan zagayen ya matse, tsakiya ta ƙi ba shi wuri, dole wani gefe ya buɗe. Shi ya sa tsagar gungume take tasowa daga cibiya ta nufi waje. Ga kuma bakunan nan biyu da aka yanke, waɗanda ke zubar da ruwa fiye da jikin itacen sau goma ko fi: baki ya bushe, ciki na nan jiƙe.

Iskar yankin tana ƙara tsananta abin. Daga Disamba zuwa Fabrairu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Kafintocin Turai na lissafa shekara guda ga kowane santimita 2,5 na kaurin katako kafin ya bushe. A Dallol Mauri bushewar ta fi haka sauri nesa ba kusa ba, kuma saurin shi ne haɗarin. Aikin mai shirya itace a nan shi ne ya rage wa ruwa gaggawar fita.

Ranar da aka yanke gungumen ya kamata a toshe bakunansa da kakin zuma, ko ragowar fenti, ko ma taɓo mai kauri, a bar masa rarar tsawo kamar taƙi guda a kowane gefe, wanda za a datse daga baya idan ya tsattsage. Sai a kai shi inuwa inda iska ba ta bugunsa kai tsaye, a ɗora kan duwatsu saboda gara. Manyan falankai kuwa a jera su da siraran sanduna a tsakani, a danne na sama da nauyi don kada su lanƙwashe.

Akushi da faranti suna da mafita mai sauƙi: a raba gungumen biyu ta cibiya, a zubar da sashen cibiyar, a fitar da kwano daga kowane rabi. Turmi ba shi da wannan gata. A tsaye ake sassaƙa shi, cibiyar itacen tana ratsa tsakiyarsa. Dabarar ita ce a rarake cikinsa tun yana ɗanye, lokacin da gizago ya fi cin itacen ma, a bar bango mai kauri kuma daidai ta kowane gefe. Da an cire tsakiyar, bangon ya sami inda zai matse ba tare da ya fashe ba. Gindi ne ke zama da cibiyarsa, don haka shi ya fi buƙatar a shafe shi da mai a kuma kife turmin a inuwa. Bayan ya sha watanni sai a dawo a yi gyaran ƙarshe.

Masu aiki da injin juya katako, wanda ake kira tur da Faransanci, hanyar da suke bi ke nan. Sukan fara fitar da kwanon da ɗanyen itace, su bar kaurin bangonsa kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, wato santimita 4 ga kwano mai faɗin santimita 40. Yana bushewa sai ya karkace ya yi siffar ƙwai, sannan a mayar da shi kan inji a daidaita. Wanda ya ɗora tsagaggen gungume a kan tur kuwa da ransa yake wasa, don yana iya rabewa yana cikin gudu.

Da itace na nan birjik, da asarar gungume guda ba ta zama abin magana ba. Ƙirya, wadda kowa ya yarda ita ce kan gaba wajen turmi da taɓarya saboda taurinta da gagarar gara, ita ce kuma maƙera ke so don gawayi, kuma sai ta yi shekaru da dama kafin ta kai kaurin turmi. Sunan Dogon Ƙirya, ɗaya daga cikin garuruwan gundumar Dogon Dutsi, ya isa shaida kan matsayinta a yankin. Ɗanya, da ake akushi da ita, ta fi laushi, kuma ƙwari sun fi shigarta idan aka bar ta da ɓawo. Dokar dazuzzuka mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yunin 2004 ta sa saran itace don sana'a sai da izinin jami'an gandun daji da biyan haraji, gawo kuwa, wanda ya cika gonakin Dallol, yana cikin itatuwan da aka kare. Kowace tsaga ke nan kuɗin izini da na amalanke take ci, ban da kwanakin sara.

Mai saye ma tana da abin dubawa. Ta kife turmin ta kalli gindi: siraran layuka da ke fita daga cibiya alama ce tsaga ta riga ta kama hanya. Turmin da ya cika nauyi, ga sanyi a tafin hannu, bai gama bushewa ba. Irin wannan a shafe shi da man gyaɗa ciki da waje, a ajiye shi a ɗaki, kada ya wuni a tsakar gida cikin rana sai hunturu ya wuce.