Kumburin Tsoka Ba Abokin Gaba Ba Ne

Duk wanda ya saba ratsa kasuwannin Balad da Bab Makka a nan Jidda, musamman a kwanakin da alhazai ke haramar komawa gida, ba zai rasa ganin wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin 'yan'uwanmu masu dako da su kansu alhazan ba, wato mutum ya cicciɓi jakar da ta fi ƙarfinsa, tsokar cinya ko ta gadon baya ta amsa, maimakon ya sauke ya zauna, sai ya faɗa kantin magani, ya sayi Voltaren ko Brufen, ya afa biyu ko uku ba ko ruwan kirki, kafin la'asar ya sake sa wuya ƙarƙashin kaya. In dare ya yi kuma a kira wani ƙato ya murje wurin iya ƙarfinsa, a bi da gashin ruwan zafi, wai ana kashe kumburi, alhali jini ake ƙara tarawa cikin naman da ya yage. Wannan fa ganganci ne, ko da an sa masa sunan juriya.

Haƙiƙanin al'amari, kumburin nan aikin garkuwar jiki ne, bisa hikimar da Allah Ya shimfiɗa cikin halittarsa, domin da zarar zaren tsoka ya tsinke, cikin 'yan sa'o'i fararen ƙwayoyin jini kan yi tururuwa zuwa wurin, bayan kwana ɗaya ko biyu manyansu, waɗanda likitoci ke kira makrofaj, su iso su cinye naman da ya mutu, sa'an nan su sauya hali su ta da waɗansu ƙwayoyi da ke kwance jikin zaren, waɗanda wani masani mai suna Alexander Mauro ya fara bayyanawa a 1961, su kuwa su hayayyafa su gina sabuwar tsoka. Sai an kwashe ɓaraguzai ake aza sabon tubali.

To, magungunan nan kumburin suke dannewa, kuma yawan shan su na iya jinkirta gyaran. Amma babbar illarsu ita ce suna ɓoye zafin da zai hana mutum motsi, har ya sake yaga abin da bai haɗe ba, tabo mai tauri ya maye gurbin tsoka. Ga kuma ƙoda, wadda suke wahalarwa ƙwarai a jikin da gumin Jidda ya riga ya tsotse ruwansa, balle dattijo mai ciwon sukari ko hawan jini.

Saboda haka wanda abin ya sama ya ajiye kaya kwana biyu ko uku, ya ɗaure wurin ba da tsanani ba, ya yawaita shan ruwa, in zafi ya matsa ya sha farasitamol gwargwadon ƙa'ida, daga bisani ya fara motsa gaɓar sannu a hankali. Idan kuwa ya kasa taka ƙafa, ko ya ji wurin ya lotsa, ko fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi, lalle ya nufi asibiti a ranar.