Rage Ƙiba: Uwargida, Ki Bari Sai Bayan Arba'in

Uwargida mai juna biyu, idan aka ɗora ki a kan sikeli ranar awo kika ga nauyinki ya hau, kada ki tsorata har ki fara ƙin abinci ko shan shayin rage ƙiba. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙaru da kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin ta haihu, mai ƙiba sosai kuwa kilo 5 zuwa 9.

Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Idan abin da kika ci ya fi abin da jiki ya ƙona, rarar takan zama kitse. Idan ya gaza, sai jiki ya ci daga kitsen da ya tara, nauyi ya ragu. Amma a lokacin ciki wannan giɓi yana iya tauye girman jariri, domin a watanni uku na ƙarshe kina buƙatar ƙarin kalori kusan 450 a rana.

Motsa jiki kuwa ana so tun yanzu. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu ciki da masu jego su yi aƙalla minti 150 a mako. Tattakin minti 30 a layinku na Unguwar Dosa da sanyin safiya, kwana biyar a mako, ya wadatar. Idan kika ga jini, ko jiri ko ciwon mara ya kama ki, ki dakata ki zo asibiti.

Bayan arba'in, idan an duba ki an ce lafiya, sai ki fara a hankali, ki nemi sauke rabin kilo a mako. Shayarwa kanta tana ƙona kalori kusan 500 a rana. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori kusan 120, kwalbar lemo kuma kusan 140. Ki rage su, ki ƙara wake, zogale da kifi. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita.

Ki lura, kumburin ƙafa da haki a lokacin jego ba ƙiba ba ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa. Maigida, da ka ga haka, ka kawo ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

Allah Ya sauke ku lafiya.