Kalmar "Jingina" da Hukuncin Cinikin Gida a Dokokin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ji an ce an jinginar da gida, yakan ɗauka ya fahimci abin da ake nufi. Sai dai kuma a Nijeriya wannan kalma guda tana ɗauke da ma'anoni uku na shari'a waɗanda hukuncinsu ya sha bamban, watau jinginar gargajiya, da jingina a fiƙihun Malikiyya, da kuma jinginar banki wadda dokokin gwamnati suka tsara. Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace waɗannan ma'anoni, sannan ta nuna yadda cakuɗa su ke jefa mai saye da mai sayar da gida cikin hasara. Daga ƙarshe za a kawo shawarwari ga masu fassara da masu ƙirƙirar kalmomin fannu.

2.0 Ma'anonin Jingina

Asalin aikatau ɗin yana nufin dogarar da wani abu a jikin wani, kamar yadda ake jingina sanda da bango. Daga nan ne ma'anar ta faɗaɗa, ta koma dogarar da bashi a kan dukiya.

2.1 Jinginar Gargajiya

A al'ada, mai gona ko mai gida yakan karɓi kuɗi ya miƙa dukiyarsa ga mai ba da bashi, shi kuwa ya riƙe, ya ci amfaninta har ranar da aka biya shi. Komai daɗewar lokaci dukiyar ba ta zama tasa. Mai ita, ko magadansa bayan ransa, suna da ikon fansa. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da wannan ƙa'ida game da jinginar gargajiya a shari'ar Okoiko da Esedalue ta shekarar 1974.

2.2 Jingina a Fiƙihu

Malaman fiƙihu suna kiran ta rahanu, kuma an ambace ta a aya ta 283 ta Suratul Baƙara. A mazhabar Malikiyya jingina ba ta cika sai an karɓi abin da aka jinginar a hannu. Idan asalin bashin rance ne, bai halatta mai riƙon ya ci amfanin abin ba, domin hakan ya zama riba. Haka kuma idan wa'adi ya cika ba a biya ba, ba zai mallake shi kai tsaye ba. Sayarwa za a yi, a biya shi haƙƙinsa, a mayar wa mai dukiya da saura.

2.3 Jinginar Banki

Wannan ta samo asali ne daga dokokin Ingila. A nan mai gida yana nan zaune cikin gidansa, abin da ke komawa hannun banki shi ne takardu da kuma iko a kan gidan. Iri biyu ce. Akwai cikakkiya, wadda ake rubuta yarjejeniya, a biya harajin hatimi, a yi mata rajista. Akwai kuma ta ajiyar takarda, inda mai gida ke danƙa wa banki takardun gidan da niyyar su zama madogarar bashi. Babban bambancinta da ta gargajiya shi ne ikon fansa yana da iyaka: da zarar banki ya sayar da gidan bisa ƙa'ida, ƙofar fansa ta rufe ke nan. Wanda ya shiga jinginar banki da fahimtar gargajiya, yana zaton 'ya'yansa za su fanshi gidan wata rana, ya yi babban kuskure.

3.0 Dokar Amfani da Ƙasa da Amincewar Gwamna

Tun a shekarar 1910 Turawan mulkin mallaka suka sanya ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, aka kuma sabunta tsarin a Dokar Riƙon Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta game ƙasar baki ɗaya. Sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya, ta yadda ba a iya yi mata gyara sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki.

Sashe na 1 na dokar ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Saboda haka abin da mutum ke da shi a kan fili haƙƙin zama ne, wanda galibi akan ba da shi na tsawon shekara 99. A nan akwai matsalar fassara, domin takardar da Gwamna ke bayarwa an saba kiran ta "takardar mallaka", alhali abin da take shaidawa haƙƙin zama ne kawai.

Sashe na 22 ya hana mai wannan haƙƙi ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa riƙon wurin ga wani ba tare da amincewar Gwamna ba, sashe na 26 kuwa ya soke duk wata mu'amala da ta saɓa wa dokar. Ke nan ko jinginar gargajiya aka yi a cikin birni, muddin an miƙa riƙon gida, hukuncin ya hau kanta. A karkara, sashe na 21 ya sanya amincewar ƙaramar hukuma, a Abuja kuwa Ministan Birnin Tarayya ne ke tsayawa a madadin Gwamna.

Muhimmancin wannan sharaɗi ya bayyana a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989. Ajilo ya jinginar da gidansa na Legas, wanda yake riƙe da shi tun kafin 1978. Da banki ya tashi sayarwa sai ya kai ƙara, yana mai cewa ba a nemi amincewar Gwamna ba. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, ta ce sharaɗin ya shafi har waɗanda suka riƙi filayensu kafin zuwan dokar, jinginar kuma ta rushe. Daga baya, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe ta 1995, kotun ta bayyana cewa ana iya ƙulla yarjejeniya tukuna sannan a nemi amincewa, amma mu'amalar ba ta cika sai an same ta.

4.0 Sayen Gida da Bashin Jingina

Mai sayen gida da kuɗin banki yana ƙulla yarjejeniya biyu ne, ɗaya da mai sayarwa, ɗaya da banki, kuma kowace tana bukatar amincewa da rajista. Haka abin yake ko da bashin ya fito ne daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, wanda kuma Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ke kula da shi. Kafin a ba da ko da kafin alƙalami, wajibi ne a binciki ofishin rajistar filaye na jiha, irin su KANGIS a Kano, da KADGIS a Kaduna, da AGIS a Abuja. Shaidar dillali da sa hannun mai unguwa suna da amfani wajen tabbatar da an yi ciniki, amma ba sa nuna ko akwai bashi a kan gidan.

Jinginar ajiyar takarda ita ce mafi haɗari ga mai saye, domin sau da yawa ba a yi mata rajista. Idan mai sayarwa ya ce takardar asali ta ɓata, ko ya nuna kwafi kurum, doka tana ɗaukar wannan a matsayin alamar da ta isa ta sa mai hankali ya bincika. Wanda ya yi sakaci ya saya, ya sayi gida ne tare da bashin da ke kansa.

5.0 Sayar da Gidan da ke Jingine

Jingina ba ta hana mai gida sayarwa, amma bashin yana bin gidan duk hannun da ya koma. Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko, mai gida ya biya bashin tukuna, ya karɓo takardunsa. Ta biyu, a raba kuɗin ciniki da sanin banki. Alal misali, idan an yi ciniki a kan naira miliyan 20, saura bashin kuwa miliyan 6 ne, sai mai saye ya biya banki miliyan 6 kai tsaye, ya ba mai gida miliyan 14 bayan an fito da takardu. Ta uku, mai saye ya ɗauki nauyin bashin, wannan kuwa ba ta yiwuwa sai da yardar banki a rubuce. Idan an gama biya, dole a rubuta takardar warware jingina a yi mata rajista, kuma sashe na 22 ya ce wannan ba ta bukatar amincewar Gwamna.

Idan kuwa mai gida ya kasa biya, dokar cinikin ƙasa ta Ingila ta 1881, wadda ake aiki da ita a jihohin Arewa da dama, ta ba mai cikakkiyar jingina ikon sayarwa ba tare da zuwa kotu ba. Sharaɗin shi ne wa'adi ya cika, sannan ko dai an ba da sanarwa wata uku sun wuce ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya taru na wata biyu, ko an karya wani sharaɗi na yarjejeniyar. Bankuna kan rage waɗannan wa'adoji a cikin yarjejeniyarsu, don haka karanta ta kafin sa hannu wajibi ne. Bayan an cire kuɗin ɗawainiyar sayarwa da bashi, ragowar ta mai gida ce. Daɗin daɗawa, sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar haƙƙin zama wanda Gwamna ya bayar, don haka a can ne ake fara kai rikici irin wannan.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kalmar jingina ita kaɗai ba ta isa ta bayyana wa mai magana da Hausa irin alƙawarin da yake ɗauka a banki ba. Yunƙurin da aka yi a 1991 na fitar da ƙamus ɗin kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci ya cancanci a faɗaɗa shi zuwa dokokin ƙasa da gidaje. Ana ba da shawarar a riƙa cewa "jinginar riƙo" ga ta gargajiya, "rahanu" ga ta fiƙihu, sannan "cikakkiyar jinginar banki" da "jinginar ajiyar takarda" ga na zamani. Haka nan "takardar shaidar haƙƙin zama" ta fi "takardar mallaka" dacewa, a kuma guji cewa "takardar saki" a wurin warware jingina, domin kunnen Bahaushe ya riga ya keɓe ta ga mutuwar aure. Irin wannan aiki sai masana harshe da lauyoyi da malaman fiƙihu sun zauna tare, tun da yake kuskuren kalma ɗaya a takardar yarjejeniya yana iya raba iyali da muhallinsu.