Me Ke Ba Tsohuwar Takarda Daraja?

A gidaje da dama na Kakuri da Barnawa da Nasarawa, a kudancin kogin Kaduna, akan sami tsohuwar akwati a ƙarƙashin gado, cike da wasiƙu da tsofaffin kuɗi. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga sassan Nijeriya, kuma wasiƙa ce ke haɗa su da gida. Masaƙar ta daina aiki a 2002, amma wasiƙun suna nan, kowace da kan sarkinta. Magada sukan kasu biyu: masu ƙone su da sunan shara, da masu zaton duk abin da ya tsufa dukiya ne. Dukansu suna iya yin asara.

Kasuwar katin 'yan wasan besbol ta Amurka tana bayyana dalili. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya riƙa saka ƙananan katuna masu hoton 'yan wasa a cikin kwalin sigari. An dakatar da buga na wani ɗan wasa, Honus Wagner, tun da wuri, kuma waɗanda aka sani sun rage a yau kimanin 60 ne. A 2022 an sayar da ɗaya a kan dala miliyan 7.25. A wannan shekarar kuma katin Mickey Mantle na kamfanin Topps, bugun 1952, ya kai dala miliyan 12.6. Yara ne suka yi wasa da irin waɗannan katuna, iyaye suka share su suka zubar, shi ya sa suka yi ƙaranci. Da jama'a suka farga, sai kamfanoni suka buga katuna babu adadi daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, kowa ya saya ya adana a leda. Yawancinsu a yau ba su da wata daraja, domin abin da kowa ya ɓoye ba ya zama abin nema.

Haka lissafin yake a nan gida. Kan sarki na farko a duniya, wanda Ingila ta fitar a 1840, an buga fiye da miliyan 68, saboda haka samunsa ba wuya. Amma kan sarkin fam 25 na Nijeriya ta Arewa, bugun 1904 mai hoton Sarki Edward na Bakwai, yana cikin waɗanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo, don kaɗan aka buga. Kwabo da anini masu huda na 1936, masu ɗauke da sunan Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan mulki ba, sukan ruɗi mutane. An ƙera su da yawa don Afirka ta Yamma, ƙarfe kuma ba ya ruɓewa, don haka farashinsu bai taka kara ya karya ba.

Takarda kuwa abinci ce, kuma nan ne kimiyyar halittu ta shigo. Asalinta zaren tsirrai ne, wato selulos. Gara na narkar da shi da taimakon ƙananan halittu, tana iya mai da damin wasiƙu ƙasa ba tare da mai gida ya lura ba. Ƙaron da aka daɗe ana shafawa a bayan kan sarki, irin wanda bishiyar dakwara ke zubarwa a Borno da Yobe, shi ne ke jan kyankyaso. Idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin ɗari, kamar yadda yake yi a Kaduna a watan Agusta, fumfuna takan tsiro, ta bar jajayen ɗigo da ba sa fita. Da hunturu ya zo, takardar ta bushe ta takure. Wannan kumburi da takurewa shekara bayan shekara shi ke karya zarenta. Akwai kuma maƙiyi na cikin gida: takarda mai arha da aka yi da niƙaƙƙen itace tana ɗauke da sinadarin lignin, wanda haske da iska ke mai da shi rawaya, ga tsami da ke cin zaren a hankali. Duk ɗalibin da ya ga tsohuwar jarida ta yi ja tana ɓarewa, ya ga wannan da idonsa.

Saboda haka masu saye suke duba lafiyar takarda kafin shekarunta. A Amurka kamfanin PSA, wanda aka kafa a 1991, yana ba kati maki daga 1 zuwa 10, kuma lanƙwasa ɗaya a kusurwa tana iya zubar da farashi warwas.

Wanda ya gaji irin wannan akwati, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya nisanta ta da bango mai danshi da hasken rana. Kada ya manna komai da salatef, kada ya kai wa masu lamineshan, domin zafi da gam ba sa warwaruwa. Kada kuma ya ɓamɓare kan sarki daga ambulan: hatimin gidan waya mai ɗauke da sunan gari da kwanan wata sau da yawa ya fi kan sarkin kansa amfani ga mai saye da malamin tarihi.