Bindigar Ɗuri da Bindigar Nasara a Ƙasar Ƙonni

Daga Birnin Ƙonni zuwa Dogarawa da Malbaza, har Illela ta Sarkin Adar, mutane sun tashi ne da sanin ƙarar bindigar gargajiya. Da ita aka saba tarbar sarki in ya taso daga idi, da ita ake shaida wa gari an yi naɗin sarauta, kuma ita mahalba ke saɓawa in an kawar da amfanin gona, daji ya buɗe. Shi ya sa in aka saka fim ɗin tarihi a gaban tsohon mahalbi, ba ya buƙatar a gaya masa wace bindiga ce a hannun wane. Hannun mai riƙon yake kallo, da hayaƙin da ke fita.

Bindigar mahalba ta baki ake ɗura ta. Mai ita zai tsayar da ita a ƙasa, ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba, ya cusa tsumma ko ɓawon itace mai laushi, ya danna da siririyar sandar ƙarfen da ke maƙale ƙarƙashin bututun. Bayan nan sai harsashi, wanda sau da yawa guntayen dalma ne ko na ƙarfe, a sake toshewa da tsumma. Sannan a ɗana kunama. A tsofaffin, kunamar tana riƙe da ɗan dutsen ƙanƙara, shi ke bugun ƙarfe ya ba da tartsatsi. Na baya-bayan nan ba su da dutse, kunamar kan faɗa ne kan ɗan abin da ke kamawa da wuta, har da kan ashana ana kankarewa a yi amfani da shi. Harbi ɗaya take yi, ta tashi farin hayaƙi ya rufe mai ita, kafin a sake ɗuri kuwa naman da aka kuskure ya yi nisa.

Tun asali irin waɗannan bindigogi ta hanya biyu suke shigowa ƙasar Hausa: ta Sahara daga Tarabulus, da kuma daga bakin teku ta hannun Yarabawa da Nufawa. Suna da tsada, sarakuna ke mallakarsu su damƙa wa bayinsu. Wanda ya yi fice wajen tara su shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda a zamaninsa har igwa aka ƙera a Zinder. A nan yamma kuwa, makamin talaka baka ne da kibiya mai dafi, na barde mashi da takobi. Daga baya maƙeranmu suka iya ƙirar, suna samun bututu daga tsohon ƙarfen mota ko na famfo, masassaƙi ya fafe ƙotar. Mahalbi kuma ya ƙara nasa: laya ɗinke da jar fata a wuyan ƙota, wani lokaci da wuri. Ba ya barin kowa ya tsallake ta, ba ya kuma jingine ta inda yara ke wasa.

Ɗaya bindigar, ta Nasara, mutanen Ƙonni sun san ta ne a rana mafi muni a tarihinsu. Ran 8 ga Mayu 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa birnin, ta yi wa mutanensa kisan gilla, makonni kaɗan bayan yaƙin da ta yi da Sarauniya Mangu a Lugu. Sojan Faransa na wancan zamani bindigogi iri biyu yake riƙewa. Gras, ƙirar 1874, ta baya ake saka mata harsashi ɗaya ɗaya, a ja wani ɗan hannun ƙarfe a gefe a mayar, kuma tana hayaƙi don baƙin albarushi take ci. Lebel, ƙirar 1886, harsashi takwas take ɗauka a wani bututu ƙarƙashin bakinta, albarushinta kuma ba ya hayaƙi sosai. Kafin mai ɗuri ya gama danna tsummansa, mai Lebel ya zazzage takwas ɗinsa, daga nisan da kibiya ba ta kaiwa.

Wannan bambanci shi ya kamata mai kallo ya riƙe in ya zauna gaban Sarraounia, fim ɗin Sarauniya Mangu da Med Hondo ya fitar a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Alamomin a bayyane suke. Wanda ya tsayar da bindiga ya nufi bakinta da hannu, ta ɗuri ce. Wanda ya ja ƙarfe a gefe bayan kowane harbi ya laluba jaka, irin Gras ce. Wanda ya ja ya harba, ya sake ja ya harba ba tare da laluben komai ba, irin Lebel ce. Fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda ya bi sawun wannan runduna har cikin Ƙonni, shi ya kai abin ɗaukar hoto gaban jikokin waɗanda aka harba, suka ba da labarin da bakinsu.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu shirya finafinan tarihi na Hausa ke ɗaukar duk bindigar da ta zo hannu. Sai ka ga dakaren ƙarni na 19 da bindigar farauta mai baki biyu wadda ake karyawa a tsakiya, ko ka ga mai ta ɗuri yana harbi uku a jere bai taɓa albarushi ba. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin yana sa yaro ya zaci kakanninsa sun fuskanci Nasara da makami daidai da nasa, amma suka kasa. Har yanzu akwai mahalba da maƙera a ƙauyukan Ƙonni da Illela da suka iya ɗuri da ƙira. Mai shirya fim ya je ya zauna da su tun kafin ya ɗinka wa 'yan wasansa riguna.