Kayan Adon Ƙarshen Shekara: Wanne Ke Kwantai, Wanne Ke Kai Ƙarshen Hunturu?

Da zarar Disamba ya kama, za ka ga wasu shaguna a Maraɗi da Ƙonni sun baje fitilu masu walƙiya da ƙananan itatuwan Kirsimeti, akasarinsu daga birnin Yiwu na ƙasar Sin. Sai dai duk abin da ke ɗauke da hoton bikin, ranar 26 ga wata ya zama kwantai, jarin mai shi ya kwanta sai baɗi.

A Turai da Amurka, magidanta da dama sun rage wa kansu wahala. Adon sanyi suke yi gaba ɗaya: fararen fitilu, korayen rassan itace, barguna a kan kujeru. Bayan biki sai a cire jajayen ƙyallaye kawai, saura ya zauna har Fabrairu.

To, mu hunturunmu na ƙura ne, ba na ƙanƙara ba. Farin labule da furen roba, mako guda sun koma launin ƙasa, uwargida kuwa ba ta sake waiwayarsu. Abin da muke ganin yana tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne bargo, darduma, labule mai kauri da duhu wanda ke tare iska, sai fitila mai caji da rana, wadda ke ado kuma ta yi amfani in an ɗauke wuta. Musulmi na saye, Kirista na saye, balle masu haɗa kayan ɗakin amarya, tunda bayan kaka ake yawan aure.

Mai zuwa sari Kano bana, ya rage kwalin Kirsimeti, ya ƙara dilar bargo.