Tsagar Bango: Wacce Ce Ta Shafe, Wacce Ce Ta Harsashi?

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na yau zai leƙa ƙarƙashin gidajenmu ne, wato harsashin gini, wanda ba a ganinsa amma shi ke ɗauke da komai.

Matsalar harsashi takan bayyana a tsagar bango, amma ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar zare, wadda ta tsaya a jikin shafe, yawanci bushewar siminti ce. Wadda ya kamata ta hana mai gida barci ita ce wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta tafi a karkace, ko ta bi layin bulo tana hawa mataki-mataki. Idan kana ganinta ta cikin ɗaki, ka zagaya waje ka sake ganinta a wuri guda, to ta ratsa bangon ke nan. Idan bakinta ya fi faɗi ta sama, ko faɗinta ya wuce milimita 5, wani sashe na gidan yana zaunawa ya bar wani.

Ƙofa ma tana ba da labari. Ta katako takan kumbura da damina, ta saki da rani. Amma ƙofar ƙarfe ba ta shan ruwa. Idan ta fara cijewa, sakata ta daina shiga raminta, mai yiwuwa ginin ne ya motsa. Haka in tayil ya fara fashewa a jere, ko ruwan wanke ɗaki ya koma taruwa a kusurwar da bai saba ba, ko gindin bango ya riƙa jiƙewa yana fitar da fari-fari irin na kanwa.

(Gajeren kiɗa)

To me ke jawo haka? Ƙasa da ruwa. A yankin Tafkin Chadi, wajajen Dikwa, Marte da Ngala, akwai baƙar laka da ake kira firgi. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare, harsashi yana binta sama da ƙasa kowace shekara. A Kano kuwa, gidaje da yawa a kan kududdufin da aka cike da shara suke. Shara na ruɓewa, ƙasa na lotsawa. Sai kuma ambaliya, irin wadda ta afka wa Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau. Ruwa ya janye, amma ƙasar da ya kwashe ko ya tausasa a ƙarƙashin gini ba ta komawa yadda take. Ko a gidan da ambaliya ba ta taɓa ba, indararo mai zuba a gindin bango, da sokawe mai yoyo, da saiwar darbejiyar da aka dasa dab da katanga, duk suna yin wannan ɓarna a hankali.

Kuskurenmu shi ne, da Sallah ko biki ya gabato, a kira birkila ya cusa siminti, a bi da fenti. An rufe bakin mai faɗakarwa, cutar tana nan. Kafin ka toshe, ɗauki fensir ka ja layi a ƙarshen tsagar, ka auna faɗinta, ka rubuta kwanan wata, ka riƙa dubawa. Idan ta wuce layin, aikin ya fi ƙarfin birkila: nemi injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN. Mai shirin saye ko kama haya, ka lura da bangon da aka yi wa sabon fenti shi kaɗai, ka kuma tambayi maƙwabta me ke wurin kafin a yi gini.

Idan kuwa bango ya yi ciki, ko ya karkata, ko ana jin ƙara daga cikinsa ƙasa na zubowa, ba maganar aunawa. A fitar da iyali a ranar, a raɓa wajen 'yan'uwa har injiniya ya zo ya duba.

Nan za mu dakata.